Ƙawancen 'Yan Canji a Nijar: Ƙulli da Warwararsa

Duk wanda ya zauna a wannan kwari namu na gulbin Rima, tun daga Argungu har Birnin Kebbi da Gwadangaji, ya san cewa iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta taɓa hana labarin ƙetare isowa gare mu ba, domin kuwa Ba'aren Kangiwa da na Dogon Dutse dangin juna ne, mai kai shinkafa Kamba da labarin Gaya yake komowa gida, kuma tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kabi Yakubu Nabame, Kabawa da Arawa da Zabarmawan Doso sun san yadda ake haɗa kai saboda abokin gaba ɗaya. Saboda haka, yanzu da maganar haɗaka da maja ba ta ƙarewa a majalisunmu, daga ƙofar sakatariya har rumfunan kasuwa, na ga ya dace mu waiwayi wani al'amari da ya auku a maƙwabta fiye da shekara 30 da suka wuce, wanda dattawanmu suka bi ta rediyo safe da yamma, samarin yanzu kuwa ƙalilan ne suka san shi, wato ƙawancen jam'iyyun da ake kira AFC, waɗanda jama'a suka fi sani da 'yan canji, suka karɓi mulkin Jamhuriyar Nijar a 1993, suka watse tun ba su cika shekara biyu ba.

Ga yadda masana suke kasa jam'iyyu, wannan ƙawance na matsakaitan masu ra'ayin sauyi ne, waɗanda ake jinginawa ga ɓangaren hagu ba tare da sun kai maƙurarsa ba. Asalin wannan rabo na dama da hagu daga majalisar Faransa yake, a 1789, sa'ad da masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban zama, masu neman a rage ikonsa suka koma hagu. Mu kuwa a Arewa mun san shi da wasu sunaye tun zamanin NEPU da NPC, lokacin da Malam Aminu Kano yake kiran talaka ya san haƙƙinsa. Matsakaicin ɗan hagu shi ne wanda yake ganin wajibi ne a kan hukuma ta ɗauki nauyin karatun ɗan talaka da maganinsa, ta tsare haƙƙin ma'aikaci, ta karɓi haraji a hannun mawadaci gwargwadon wadatarsa, amma bai yarda a rushe kasuwa ko a ƙwace dukiyar mutane ba. Ko dukan jam'iyyun AFC sun cancanci wannan suna, mai karatu zai yanke hukunci da kansa idan ya ji su wane ne a ciki.

A Nijar, Janar Saini Kunce, wanda ya hamɓarar da Shugaba Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rasu a watan Nuwamba na 1987. Ali Saibu ya gaje shi, mutum mai sassauci, wanda ya saki fursunonin siyasa, sa'an nan a 1989 ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, don a tuɓe wa mulkin soja kaki a sa masa babbar riga. Amma zamani ya riga ya juya. Farashin yuraniyom na Arlit, wanda da kuɗinsa aka gina manyan gine-ginen Yamai, ya faɗi. Bashi ya taru. Albashi ya soma makara. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a suka taso za su ƙetare gadar Kenedi zuwa cikin birni, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, aka kashe uku bisa lissafin hukuma, kuma daga wannan rana haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ƙungiyar ɗalibai ta USN ba su sake barin gwamnati ta runtsa ba, har sai da ta yarda da jam'iyyu barkatai, ta kuma yarda a kira babban taron ƙasa irin wanda aka yi a Kwatano ta ƙasar Benin. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin shugabancin Farfesa André Salifou, ya zare iko daga hannun Ali Saibu ya bar masa suna kawai, ya ɗora Amadu Shaifu a kan gwamnatin riƙon ƙwarya, kuma, abin da nake so mai karatu ya riƙe, ya yi watsi da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Baitulmali kuwa wayam yake, har ta kai a 1992 gwamnatin riƙon ta ƙulla hulɗa da Taiwan, ta ɓata da ƙasar Sin, saboda rancen da za ta biya ma'aikata da shi.

A cikin wannan hali ne mutum huɗu suka fito fili. Na farko shi ne Kanar Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, mutumin Maine Sorowa a jihar Difa, wanda ya taɓa riƙe Maraɗi da Tawa a zamanin Kunce, ya kuma yi jakadanci a Nijeriya. Shi ya gaji MNSD-Nassara da dukan rassanta a ƙauyuka, da sarakuna da manyan 'yan kasuwar da suka saba da ita. Na biyu shi ne Mahamman Usman, masanin ƙididdiga da tattalin arziki daga Damagaram, shugaban CDS-Rahama, jam'iyyar da sunanta yake nuni ga dimokuraɗiyya mai kula da jin daɗin al'umma, alhali ƙarfinta na haƙiƙa yana ga mutanen Damagaram da Maraɗi, da alhazan birni, da duk wanda ya gaji da ganin cewa tun samun 'yancin kai a 1960 shugabannin ƙasar uku duka daga yamma suka fito. Na uku shi ne Muhammadu Isufu, injiniyan haƙar ma'adinai daga Dandaji a jihar Tawa, shugaban PNDS-Tarayya. Wannan ita ce jam'iyyar hagu ta gaske, ta malaman makaranta da tsofaffin shugabannin ɗalibai da 'yan ƙwadago, masu karatu da yawa, masu kuɗi kaɗan. Na huɗu kuwa maƙwabcinmu ne na kusa, Kanar Mumuni Adamu Zarmakwai, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan sarautar Doso, wanda da shi aka yi juyin mulkin 1974, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje shekaru, ya nemi shugabancin MNSD a taronta na Nuwamba 1991, Tanja ya kayar da shi, ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lafiya. Ban san mizanin da za a auna basarake tsohon soja da shi ya fito ɗan hagu ba. Abin da ya kawo shi cikin 'yan canji shi ne ba ya iya zama inuwa ɗaya da wanda ya kayar da shi.

Aka amince da sabon tsarin mulki ranar 26 ga Disamba 1992, aka yi zaɓen majalisa ranar 14 ga Fabrairu 1993. A cikin kujeru 83, MNSD ta sami 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11, ƙananan jam'iyyu suka raba sauran. Lissafin bai ɓuya ga kowa ba: Nassara ta fi kowace ɗaya, amma ba ta kai su ba idan sun haɗu. Cikin 'yan kwanaki jam'iyyu tara suka sa hannu a takardar ƙawance, shida daga cikinsu masu kujeru, har da PPN-RDA ta marigayi Jori Hamani, jimillar kujerunsu 50. Wani abin lura shi ne kujeru biyu na Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari, wadda ta fi kowace tsufa a gwagwarmayar hagu, ba sa cikin waɗannan 50, haka nan André Salifou, wanda ya shugabanci taron da ya karya MNSD, daga baya a gefenta aka same shi cikin 'yan adawa. Tun ran gini ke nan aƙida ba ita ce ta tsara sahu ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, Tanja ya zo da kashi 34 cikin 100, Usman da kusan 27, Isufu da kusan 16, Zarmakwai da 15. Ranar 27 ga Maris, da aka koma zagaye na biyu, Isufu da Zarmakwai suka umarci magoya bayansu su zaɓi Usman, ya yi nasara da kashi 54.

A nan akwai abin da ya kamata ɗan Nijeriya ya tsaya ya duba, domin shi ne ya bambanta ƙawancen maƙwabta da irin namu. A 1982 jam'iyyun da ake kira na 'yan ci gaba, wato UPN da NPP da ɓangarorin PRP da GNPP, sun yi ƙawance don su kayar da Alhaji Shehu Shagari, amma da yake tsarinmu yana tilasta a tsayar da mutum ɗaya tun kafin a je rumfar zaɓe, kuma Awolowo bai janye wa Azikiwe ba, Azikiwe bai janye wa Awolowo ba, ƙawancen ya mutu tun kafin zaɓen 1983, kowa ya tsaya, NPN ta Shagari ta wuce. Tsarin zagaye biyu da Nijar ta aro daga Faransa ya ɗauke wa 'yan canji wannan jarrabawa, domin kowa ya tsaya a zagayen farko ya auna nauyinsa, talakawa suka zaɓar musu jagora, babu wanda aka ce ya haƙura da burinsa saboda ɗan'uwansa. Sauƙi ne babba, amma sauƙin da ya sa suka shiga fada ba tare da an taɓa gwada haƙurin ɗayansu da ɗaya ba, kuma ba tare da sun zauna sun yi shawara mai zurfi a kan abin da za su yi da mulkin idan ya zo hannu ba. Abin da aka daidaita a kai sarai shi ne manyan kujeru uku: fada ga Rahama, firayim minista ga Tarayya, shugabancin majalisa ga Zaman Lafiya.

Haka kuwa aka yi. An rantsar da Mahamman Usman ranar 16 ga Afrilu 1993, shi ne shugaban Nijar na farko da aka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa, kuma na farko daga gabashin ƙasar. Kashegari ya naɗa Isufu. Zarmakwai ya hau kujerar majalisa, ko da yake sai da kotun ƙoli ta soke zaɓensa na farko bisa ƙarar MNSD aka sake wani a watan Mayu. Wanda ya tuna halin da muke ciki a wannan gefen a lokacin zai gane dalilin da ya sa aka dubi Yamai da sha'awa. Jihar Kebbi ba ta cika shekara biyu da ƙirƙira ba, mulkin Janar Babangida yana ta ɗage ranar miƙa mulki, bayan wata biyu aka yi zaɓen 12 ga Yuni aka soke shi, kafin shekara ta ƙare Janar Abaca ya sallami gwamnonin farar hula duka. Ga ƙasar da muke yi wa kallon ƙanwa ta raba soja da mulki ta hanyar ƙuri'a, ba a fasa kan kowa ba.

Daga manyan kujeru uku sai rabo ya gangara ƙasa: ministoci, masu mulkin jihohi da gundumomi, jakadu, shugabannin kamfanonin gwamnati irin su NIGELEC ta lantarki da SONIDEP ta man fetur, manyan jami'an kwastan da na haraji, har zuwa muƙaman da a da ba a tambayar katin jam'iyyar mai riƙe da su. Bakin mutanen Nijar bai yi jinkiri ba wajen raɗa wa abin suna, suka ce wasoso. Adalci ne a faɗa cewa waɗanda aka cire ɗin ma yawancinsu ba da jarrabawa suka hau ba, kuma a bayan kowane shugaban jam'iyya akwai ɗaruruwan masu takardun shaida da suka yi shekaru ba aiki, suka sha hayaƙi mai sa hawaye a tituna, suna ganin yau ce ranar sakamako. A ƙasar da gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, shugaban da ya ce wa irin waɗannan su ƙara haƙuri ya san ba zai daɗe yana shugabancinsu ba. Malaman fiƙihu na mazhabarmu ta Malikiyya, a babin tarayyar ciniki, sun sharɗanta cewa riba da hasara su kasance gwargwadon jarin kowane abokin tarayya, don a toshe ƙofar husuma tun kafin a buɗe shago. To, a nan jarin kansa ne aka kasa yin ittifaƙi a kan ƙimarsa. 'Yan Rahama suna ƙirga kujeru, suna cewa 22 ta kusa ninka 13, kuma mutuminsu ne al'umma ta zaɓa. 'Yan Tarayya suna wani lissafin dabam: rinjaye a majalisa mai kujeru 83 yana bukatar 42, idan an cire 13 daga 50 saura 37. 'Yan Zaman Lafiya ma suna iya yin irinsa, domin idan an cire 11 saura 39. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya kayar da gwamnati shi kaɗai, kowannensu kuma ya sani.

Da a ce akwai abin rabawa da yawa, da watakila an daɗe ana haƙuri da juna. Amma gwamnatin da malaman makaranta da 'yan ƙwadago suka ɗora, ita ce ta tarar da bashin albashi na watanni, ita ce kuma, tun a shekararta ta farko, ta rage albashin ma'aikata don ta iya biya, kuma firayim ministan da ya ɗauki nauyin wannan mataki shi ne shugaban jam'iyyar da ta fi kowace kusanci da su. Sa'an nan ranar 12 ga Janairu 1994, bayan taron da aka yi a Dakar, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dukan ƙasashen da suke amfani da shi, faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma 100. Mutanen iyaka sun ga tasirin abin da idonsu, domin shekaru kafin nan, tun da naira ta soma faɗuwa a 1986, kayan Nijeriya ne suke malala arewa, fetur da taki da atamfa, galibi ta hanyoyin da ba su bi ta gaban kwastan ba, wanda hakan kansa yana cikin abin da ya busar da baitulmalin Yamai. Da sefa ta karye sai shanu da wake da albasar Nijar suka yi wa mai naira sauƙi. Makiyayi da manomi sun ɗan ji daɗi, amma ma'aikacin birni, wanda maganinsa da littafin ɗansa daga waje ake kawo su, ya wayi gari albashinsa da aka riga aka rage ya sake raguwa a kasuwa. USTN ta shiga yajin aiki na makonni tana neman ƙari, makarantu suka yi ta rufuwa, kuma a cikin wannan shekara gwamnatin 'yan canji ta sa hannu a yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni, wanda babban taron ƙasa ya kora shekara uku da suka wuce. MNSD ba ta zauna kallo ba. Ta kira jama'a su bijire, a watan Afrilu na 1994 aka yi zanga-zanga a Yamai, aka kama Tanja da André Salifou da wasu da yawa, daga baya aka sake su. A arewa kuma tawayen Abzinawa yana ci.

Saura abu ɗaya, wanda a ganina shi ne ya mai da tsaguwa ta zama rushewa, wato tsarin mulkin 1992 kansa, wanda ya yi wa ƙasa kai biyu. Shugaban ƙasa al'umma ce take zaɓensa, shi yake naɗa firayim minista, shi yake shugabantar zaman majalisar ministoci, kuma da sa hannunsa ake naɗa manyan ma'aikata. Firayim minista kuwa shi ne shugaban gwamnati, shi yake tafiyar da ma'aikatu, kuma majalisar dokoki ce take iya tsige shi. A Faransa, inda aka kwafo wannan tsari, Mitterrand ya zauna da Chirac daga 1986 zuwa 1988 suna jam'iyyu masu gaba da juna, ƙasa ba ta tsaya ba, saboda akwai al'adu da aka gada da kotuna da ake jin maganarsu, kuma abincin yawancin mutane bai rataya ga sa hannun ɗayansu ba. A Yamai kuwa tambayar wa yake da alƙalamin naɗi ita ce dukan siyasa. Ranar 21 ga Satumba 1994 Mahamman Usman ya fitar da wata doka da ta ƙarfafa ikon fada ta rage na firayim minista. Ranar 28 ga wata Muhammadu Isufu ya ajiye aiki, PNDS ta fice daga AFC, kuma ba ta tsaya a tsakiya ba, kai tsaye ta haɗa kai da MNSD, jam'iyyar da saboda a hana ta mulki aka ƙulla ƙawancen tun farko. Wata 17 ke nan da 'yan kwanaki daga rantsuwa.

Mutane sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fi laifi, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu kare Isufu suna cewa an ɗora masa ɗacin mulki, rage albashi da fushin 'yan ƙwadago, an kuma hana shi zaƙinsa, don haka zama a kujerar da aka zare wa iko kashe jam'iyyarsa ne a banza. Masu kare Usman suna cewa shi ne ya sami ƙuri'ar al'umma, ba zai zama baƙo a fadarsa ba, kuma mai kujera 13 ba shi da hurumin yin mulki kamar mai 42. Ni dai abin da na gani shi ne shugaban ƙasa ya yi kuskuren lissafi, domin ya taɓa mutumin da ba shi da rinjaye sai da shi, kamar bai taɓa cire 13 daga 50 ba. Firayim minista kuwa, da ya fita ya zauna a kujerun adawa shi kaɗai, da ya tsira da hujjarsa ta aƙida, amma gaggawar da ya yi zuwa wurin Nassara ta nuna cewa saɓanin bai shafi yadda za a bi da talaka ba. Kada kuma a ɗauka wannan ciwo na Afirka ne kaɗai. A Italiya ƙawancen matsakaitan 'yan hagu da Romano Prodi ya jagoranta ya ci zaɓe a 1996, gwamnatinsa ta faɗi a Oktoba 1998 da ƙuri'a ɗaya tak sa'ad da jam'iyyar 'yan gurguzu ta janye goyon bayanta a kan kasafin kuɗi. Bambancin shi ne can a kan kasafi aka rabu, kuma babu sojan da ya fito daga bariki.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Usman ya naɗa Sule Abdullahi na CDS, sabon rinjaye mai kujeru 46 ya tsige shi ranar 16 ga Oktoba, kashegari shugaban ƙasa ya rushe majalisa yana fatan talakawa za su hukunta waɗanda suka fita. Ba su yi ba. A zaɓen 12 ga Janairu 1995 MNSD ta komo da 29 ɗinta, CDS ta hau zuwa 24, PNDS ta sami 12, ANDP ta sauka zuwa 9, kuma da aka haɗa ƙanana, ɓangaren Tanja da Isufu yana da 43, na shugaban ƙasa 40. Masu rinjaye suka ce Hama Amadu suke so, Allah ya jiƙansa, babban sakataren MNSD. Usman ya ƙi, ya ɗauko wani ɗan MNSD ɗin, Amadu Sise, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya. Jam'iyyarsa ta kore shi, majalisa ta tsige shi ranar 20 ga Fabrairu, kashegari ala tilas aka naɗa Hama. Isufu ya zama shugaban majalisa, Muhammad Bazum na PNDS ya zama ministan harkokin waje. Daga nan aka shiga zaman 'yan marina na kusan shekara guda: shugaban ƙasa yakan ƙi kiran zaman majalisar ministoci don kada a kawo masa takardun naɗi, firayim minista ya sallami shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba, kowa yana kai ƙara kotun ƙoli, masu ba da rance suna jira a bakin ƙofa. Abin alheri guda da za a ƙirga wa wannan zamani shi ne sulhun da aka sa wa hannu da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da Nijar ta mayar ta hutu don tunawa da haɗin kan ƙasa. Tsarin mulki ya hana a sake rushe majalisa sai bayan shekara guda. Da wa'adin ya cika a Janairu 1996, ana ta raɗe-raɗin shugaban ƙasa zai sake rushewa, masu rinjaye kuma za su nemi tsige shi, sai ranar 27 ga wata hafsan hafsoshin soja, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda asalin gidansu Arewa ne ta wajen Dogon Dutse, ya kama shugaban ƙasa da firayim minista da shugaban majalisa gaba ɗaya.

Ba'are ya tsaya takara a Yuli 1996, mutanen nan huɗu duka suka kara da shi, ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙirga, ya tsare su a gidajensu, aka ce ya ci da kashi 52. Sai ga Usman da Isufu da Tanja, waɗanda suka kasa zama a gwamnati ɗaya, sun zauna a ƙungiyar adawa ɗaya mai suna FRDD. Dogarawan Ba'are suka kashe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, Allah ya jiƙansa, kuma waɗanda suka rubuta tsarin mulkin da ya biyo baya sun yi ƙoƙarin fayyace iyakar shugaban ƙasa da ta firayim minista, saboda abin da suka gani. A zaɓen ƙarshen wannan shekara Usman ya rama abin da aka yi masa: ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, Isufu ya faɗi, shi kuma ya karɓi shugabancin majalisa ya riƙe har 2009. Wannan ƙawance na Nassara da Rahama, wanda babu mai kiransa na hagu, ya yi kusan shekara 10, sai tazarcen Tanja ne ya raba shi, kuma a wajen gangamin ƙin tazarcen ne Zarmakwai ya yanke jiki ya rasu a Yamai ranar 14 ga Yuni 2009.

Usman da Isufu ba su sake cin zaɓe tare sun kafa gwamnati irin ta 1993 ba. Isufu ya hau mulki a 2011 da goyon bayan Hama Amadu, suka ɓata a 2013. A zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, Mahamman Usman, wanda rigimar cikin gida ta riga ta raba shi da CDS, ya tsaya a ƙarƙashin RDR-Canji, ya kara da Muhammad Bazum na PNDS, Bazum ya ci da kusan kashi 56. Ranar 26 ga Yuli 2023 dogarawan fada a ƙarƙashin Janar Abdurrahman Ciyani suka tsare Bazum, kuma a watan Maris na 2025 hukumar soja ta rushe dukan jam'iyyun siyasar ƙasar, har da Nassara da Rahama da Tarayya da Zaman Lafiya.